Busa da Kiɗa Ba Waƙa: Bayani a kan Faifan *Interstellar Space* na John Coltrane

Ranar 22 ga Fabrairu, 1967, mabushin nan na Amurka John Coltrane ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a jihar New Jersey, daga shi sai makaɗinsa Rashied Ali. Wata biyar bayan haka ya rasu, yana da shekara 40. Faifan da suka ɗauka bai fito ba sai a 1974.

A al'adar kiɗan jaz, fiyano da babbar garayar da suke kira bas su ne ke shimfiɗa wa mabushi jerin muryoyin da zai bi, ganga kuwa ta riƙe masa ƙidaya. A kan wannan tsari Coltrane ya yi suna, har zuwa *A Love Supreme* wanda ya ɗauka a 1964. To, a nan sai ya yar da su duka. Babu fiyano, babu bas, Ali kuma ba ya buga awon da za a iya tafa wa hannu. Coltrane yakan fara da kaɗa 'yan ƙararrawa, kana ya ɗauki gajeriyar gaɓa da saksafonsa, ya maimaita ta, ya juya ta, ya tsinka ta, ya hau da ita sama har muryar ta dushe. Wanda ya kasa kunne ga gaɓar nan ba zai ɓace ba. Masu cewa hayaniya ce kurum, a ganina, sun yi garaje.

Sassa huɗu ne, kowanne da sunan tauraro: Mirrihu, Zahra, Mushtari da Zuhal. Na Zahra ya fi taushi, da shi ya kamata malami ya fara wa ɗalibansa.

Abin da ya shafe mu masu nazarin harshe shi ne wannan. Bahaushe in ya ji kalangu ko algaita, sau da yawa magana yake ji, domin sautin yana bin hawa da saukar karin kalmomi, sai mai sauraro ya gane taken wane ne. Watau ko ba a buɗe baki ba, akwai kalma a ƙarƙashi. A wannan faifai babu ita. Saboda haka kada kamannin busa da ganga su ruɗe mu mu ajiye shi jeri ɗaya da algaitar fada. Ɗalibin da ya tambaya me saksafon ke faɗi, sai a nuna masa cewa sunayen taurarin nan kaɗai ne kalmomin da mabushin ya bari.