Yadda ake kaiwa ga faifan da aka jona wa rumbun ajiya na gida

Hotunan biki da na suna, da takardun izinin zama, da karatun malamai da aka naɗa shekara da shekaru, sukan fi ƙarfin wayar salula. Shi ya sa wasu iyalai ke sayen rumbun ajiya na gida, na'urar da aka fi sani da NAS, wadda ake haɗawa da na'urar rarraba intanet domin kowa a gidan ya iya buɗe abin da ke cikinta.

Idan rumbun ya cika, ko ana son kwafi na biyu, akan jona masa wani faifan ta kafar USB. A nan ake yawan yin tuntuɓe: fitilar faifan na ci, amma kwamfuta ba ta ganinsa.

Me ke hana faifan bayyana?

Faifan da rumbun yake hulɗa, ba da kwamfutar ba. Sai rumbun ya karanta shi, ya fito da shi a matsayin folda ta tarayya, sannan mai kula da shi ya ba mutanen gidan izinin shiga. A na'urorin Synology, foldar kan fito da suna usbshare1.

Tsarin da aka yi wa faifan ma yana da tasiri. Windows na amfani da NTFS, yawancin rumbunan kuma suna karanta shi. Tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, don haka dogon bidiyon biki ba zai shiga ba. Tsarin ext4 ya dace da rumbun, amma Windows ba ta buɗe shi kai tsaye in an cire faifan. Sauya tsari kuwa yana goge duk abin da ke ciki, saboda haka sai an kwashe kayan tukuna.

Yaya ake shiga?

A Windows, ana buɗe File Explorer a rubuta adireshin rumbun, misali \\192.168.1.20, sai a saka suna da kalmar sirri. A kwamfutar Mac, ana shiga Finder a rubuta adireshin da smb:// a gabansa.

Wasu tsofaffin rumbunan ba su san wata hanya ba sai SMB1, wadda Microsoft ya daina sanyawa kai tsaye a sababbin Windows 10 daga 2017, shekarar da harin WannaCry ya bi ta cikinta ya gurgunta kwamfutoci a faɗin duniya. Sabunta manhajar rumbun ya fi sake kunna ta.

Daga nesa fa?

Mazaunin Landan da ke son ɗan'uwansa a Kumasi ko Kano ya ga hotunan gida yakan buɗe rumbun ga intanet. A nan babban haɗarin yake.

A watan Yunin 2021, masu kutse sun goge bayanan mutane daga nesa a na'urorin My Book Live na kamfanin Western Digital, waɗanda rabonsu da sabuntawa tun 2015. A Janairun 2022 kuma, manhajar DeadBolt ta kulle rumbunan QNAP, maharan suka nemi kuɗin fansa da bitkoyin.

Hanya mafi aminci ita ce a shiga ta VPN, a ba kowa sunansa da kalmar sirrinsa, a kuma taƙaita baƙi ga karantawa kawai.

Faifan da ke jone dare da rana, duk abin da ya sami rumbun yana iya samunsa. In don kwafin ajiya aka saye shi, a umarci rumbun ya sake shi idan an gama kwafa, sannan a zare shi a adana a wani wuri daban.