Tiyatar Rage Ƙiba: A Auna Riba da Hasara Kafin a Hau Gadon Fiɗa

A ƙasar Katagum, kamar sauran ƙasar Hausa, mun tashi mun tarar ana kallon ƙiba a matsayin shaidar jin daɗi. Amarya in ta yi 'yan watanni a ɗakinta ta murje, sai dangi su ce gidan ya karɓe ta. Magidanci in ya ajiye teɓa, sai abokai su ce kuɗi sun zauna. Har yau akwai 'yan mata da ke shiga kemis su sayi ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe domin su ciko kafin biki, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin suna kumbura jiki ne su jawo hawan jini da ciwon suga.

Yanzu kuma wata iska ta kaɗo daga ɗaya ɓangaren. A Facebook da TikTok ana ta yawo da hotunan mutanen da aka yi wa tiyata suka zube cikin 'yan watanni, da tallan asibitocin Turkiyya da Indiya da Masar. Wasu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja ma suna yin aikin. Maganar ta fara shiga hirar masu hali a Azare, don haka ya kamata mu san me ake yankewa, me ake samu, kuma me ake biya har ƙarshen rayuwa.

Ƙibar da ta zama ciwo

Ba kowace ƙiba ce likita zai kira ciwo ba. Akwai ma'aunin da ake kira BMI: a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, a sake raba abin da aka samu da tsawon. Macen da tsawonta mita 1.6 ne kuma nauyinta kilo 100, ma'auninta ya kai 39. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ke cutarwa. Alƙaluman hukumar na 2022 sun nuna mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana cikin wannan hali. Irin wannan ƙiba ita ke buɗe ƙofa ga ciwon suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon gwiwa, ɗaukewar numfashi cikin barci, da wahalar samun ciki ga wasu mata.

Daga 1991 ƙa'idar likitoci ta kasance a yi tiyatar ga mai ma'auni 40, ko mai 35 da ke fama da wata cuta irin su suga. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Wanda yake son ya rage ɗan tumbi don shadda ta zauna masa daidai ba ya cikin wannan lissafi.

Me ake yi a ɗakin tiyata?

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, wato jakar da abinci ke fara sauka, a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siririn abu mai kamar ayaba. Abin da aka cire ba ya dawowa. Na biyu, a ware 'yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbin, a jona ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita Ba'amurke, Edward Mason, ne ya fara wannan salo a Jami'ar Iowa a 1966. A yau galibi ta 'yan ƙananan huji ake yi da na'ura mai kyamara.

Kada a haɗa wannan da zuƙe kitse ko gyaran fatar ciki, waɗanda aikin kwalliya ne kuma ba sa maganin suga. Irin wannan aikin kwalliyar ne ya yi sanadin rasuwar Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a Sifen cikin Oktoban 2005. Ko aikin da ake ganin ƙarami ne yana iya cin rai.

Ribar da ba a musu a kanta

Gaskiya ɗaya ce, tiyatar tana aiki. Mutum kan zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa a shekara ɗaya ko biyu. Masu ciwon suga da yawa kan rage magani, wasu su daina na tsawon shekaru. Hawan jini kan sauka, gwiwa ta huta, wanda ya koma sallah a kan kujera ya dawo yana sujada.

A Suwidin an fara bibiyar masu ƙiba fiye da 4,000 tun 1987, kusan rabinsu an yi musu tiyata. Sakamakon 2007 ya nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa aikin. Na 2020 ya nuna sun fi takwarorinsu tsawon rai da kusan shekara uku, amma duk da haka ba su kamo sauran jama'a ba, sun gaza su da kusan shekara biyar da rabi. A ƙwararrun asibitoci, mutuwa sanadin aikin ba ta wuce kusan ɗaya zuwa uku cikin 1,000 ba. A lura, wannan lissafin asibitocin da ke yin aikin kullum ne kuma suke bibiyar majinyatansu.

Bashin da ake biya daga baya

A makonnin farko ɗinkin na iya yoyo abinci ya zuba cikin ciki, jini na iya ɓallewa, ko ya daskare a jijiya ya toshe huhu. Alamomin su ne zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon ciki mai tsanani da sarƙewar numfashi. Waɗannan ba sa jiran gari ya waye.

Haɗarin da ya fi daɗewa shi ne yunwar ɓoye. Jiki ba ya ƙara tsotsar sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin B12 da D yadda ya saba. Dole mutum ya sha ƙwayoyin bitamin kullum har ƙarshen rayuwarsa, kuma a riƙa gwada jininsa a kai a kai. Wanda ya yi sakaci zai gamu da ƙarancin jini, zubewar gashi, raunin ƙashi da mutuwar jijiyoyin ƙafa. Yawan amai kan ƙarar da bitamin B1, abin da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Saurin ramewa na haifar da tsakuwa a matsarmama. Wasu kan kamu da ƙwannafi mai naci. Wasu da zarar sun sha abu mai zaƙi sai jiri, gumi da gudawa su taso. Fata kuma takan saki ta yi laɓa-laɓa.

Matsala na iya ɓullowa bayan an manta da tiyatar. Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙin Amurka Elvis Presley, ta rasu a Janairun 2023 tana da shekara 54, kuma binciken gawa ya nuna hanjinta ne ya toshe saboda tabon tiyatar rage ƙiba da aka yi mata shekaru kafin nan. Sannan ƙibar kanta tana iya dawowa idan aka koma tsohuwar ɗabi'a, domin shayi mai kauri da lemon kwalba suna wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da shamaki ba.

A auna da rayuwarmu ta nan

Mutumin Azare ya ɗora duk wannan a kan rayuwarsa ta yau da kullum. Malmalar tuwo ta tashi daga gabansa, sai 'yan lomomi, a tauna a hankali, kuma ba a haɗa ci da sha. Ruwa sai kurɓi-kurɓi duk yini, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Azumi, musamman a shekarar farko, sai da shawarar likita. Mace za ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, maganar da ya wajaba a zauna da miji a kanta tun farko. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da muke saya a kemis kamar gyaɗa, suna iya jawo gyambo a wurin ɗinkin.

Babbar tambaya ita ce wa zai duba ka bayan ka dawo. Likitan da ya yi aikin yana Istanbul, kai kana Chinade ko Madara, ciwo ya taso ƙarfe biyun dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a biya kuɗin jirgi, a samu likita a gida wanda ya yarda zai ci gaba da bibiya, a kuma karɓo cikakken rahoton aikin a rubuce. A tambayi mai fiɗar sau nawa ya yi irin wannan aiki, kuma wa zai biya idan aka koma ɗakin tiyata. Duk wanda ya ce babu haɗari ko kaɗan, ɗan talla ne.

Akwai matakai kafin wuƙa: rage suga da mai, rage yawan tuwo da shinkafa a ƙara ganye da wake, da tafiyar minti 30 a yawancin ranakun mako. Akwai kuma sababbin allurai irin su Wegovy, sai dai suna da tsada, nauyi kan dawo in an daina, kuma ba a yin su sai da likita. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya kuwa, yawancinsa gudawa kawai yake sawa.

Ga wanda ƙiba ke neman hallaka shi, tiyata rahama ce, kuma ba abin kunya ba ce. Ga mai neman kyan sura kawai, hasararta ta rinjayi ribarta. Muna da asibitin gwamnatin tarayya a Azare, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a garin a 2021, ga asibitocin koyarwa a Bauchi da Kano. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a fara daga nan: a je a hau sikeli, a gwada suga da hawan jini, a saurari likitan da ba shi da abin sayarwa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.