GININ ƘASA YA CIWO WA NIJAR LAMBAR YABO

A Gure da ƙauyukan Muniyo, mutum in ya samu kuɗin dabba ko na amfanin gona, sai ya yi tunanin siminti da kwano. Wasu har suna jin kunyar ɗakin ƙasa, suna cewa ginin talaka ne. Amma in bazara ta yi, ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana, mai shi sai ya koma gindin itace. Ga labarin wata ƴar Nijar da ta nuna wa duniya darajar ginin ƙasa.

Sunanta Mariyama Isufu, an kuma san ta da Mariam Kamara. An haife ta a 1979, ta girma a Nijar. Ta yi karatun zanen gine-gine a jami'ar Washington ta ƙasar Amurka, ta gama a 2013. Mai wannan sana'a shi ne ke tsara gida bisa takarda kafin magina su ɗora tubali: inda ƙofa za ta duba, inda iska za ta shiga, da kaurin bango.

Ita da abokan aikinta, cikinsu har da Elizabeth Golden, malama a wannan jami'a, suka zana gidaje shida a Yamai. An gama su a 2016, ana kiransu Niamey 2000. Da tubalin ƙasa aka gina su.

Daga nan sai aikin Dandaji, wani garin Hausawa cikin jahar Tawa. Tsohon masallacin garin ya fara lalacewa. Alhaji Falke Barmu ne ya tsara shi, maginin nan da ya gina masallacin Yama, wanda ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Mariyama da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, ƴar ƙasar Iran, ba su bari an rushe shi ba. Suka gyara shi, ya zama ɗakin karatu inda yara da manya, maza da mata, ke samun littattafai. Kusa da shi aka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum wajen 1,000. An gama aikin a 2018, kuma maginan da suka yi tsohon ginin suna cikin waɗanda suka yi aikin.

Yaya ake yin wannan tubali? Ana haƙo jar ƙasa, a tankaɗe ta, a yayyafa ruwa kaɗan. Galibi akan haɗa da ɗan siminti. Sai a zuba cikin injin matsawa, a matse da ƙarfi, a jera ya bushe. Ba a gasa shi, don haka ba ya cin itace. Wannan babban abu ne ga ƙasar Gure, inda rairayi ke cin gonaki da makiyaya. Bangon ƙasa mai kauri kuma yana tare zafin rana, ɗaki ya yi sanyi.

Aikin Dandaji ya samu lambar zinariya ta kyautar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017. A 2018 ya samu ta azurfa a gasar duniya baki ɗaya. A 2019 aka ba Mariyama kyautar Yarima Claus ta ƙasar Holan. A 2022 ta kama aikin farfesa a babbar makarantar ETH ta birnin Zurich, ƙasar Suwis. Ɗaliba ta zama malama, tana koya wa ƴaƴan Turawa abin da maginan Nijar suka gada.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi. Rairayi zalla ba ya yin tubali, sai an nemo ƙasa mai yumɓu. Yana son tushe mai ƙarfi, da indararo mai kai ruwa nesa da bango, da yaɓe kafin damina. Gidajen unguwar Birni a Damagaram sun daɗe tsaye don ana kula da su.

Manomi ko makiyayi mai niyyar gini ya fara shawara da maginin garinsu kafin ya sayar da dabbarsa don siminti. Iyaye kuma su bar yara a makaranta, har da ƴan mata. Ilmin boko da sanin magina in sun haɗu, gida ya yi sanyi, kuɗi kuma su yi saura.