Ƙiftawar Fitilun LED Na Jawo Wa Masu Ɗaukar Bidiyo Asara

Fitilun LED sun mamaye kasuwannin ƙasar nan saboda ƙarancin wutar da suke ci da kuma ƙarkon da suke yi. Sai dai masu sana'ar ɗaukar bidiyon bukukuwa, tallace-tallace da finafinai na fama da wata illa tasu, wato ratsin duhu da ke yawo a jikin hoto, abin da kan tilasta a sake ɗauka ko mai aiki ya ƙi biya.

Asalin matsalar daga lantarki take. Wutar Nijeriya tana juyawa sau 50 a kowane sakan, saboda haka hasken fitila kan tashi ya faɗi sau 100. Tsohon ƙwai mai zaren ƙarfe ba ya hucewa nan take, shi ya sa ƙiftawarsa ba ta da tsanani. Shi kuwa LED da zarar wuta ta ragu sai haskensa ya dushe, sai fa in na'urar da ke gindinsa ta daidaita ta. A ƙwayaye masu araha, wannan na'ura ce masana'antu kan yi wa rowa.

Idon ɗan Adam bai cika lura da hakan ba, amma yawancin kyamarori suna ɗaukar hoto ne layi bayan layi, don haka wani layin ya dace da haske, wani da duhu.

Maganin farko shi ne a sa kyamara a kan hotuna 25 a sakan, kamar tsarin talabijin na PAL, idonta kuma ya riƙa buɗewa na kashi 1 cikin 50 ko cikin 100 na sakan. Wayoyi da dama suna zuwa a kan hotuna 30, wanda ya dace da Amurka inda wuta ke juyawa sau 60. Har ila yau, janaretan da gudunsa ke hawa yana sauka kan ɓata wannan lissafi.

Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙiftawar fitilun da ake sayarwa a ƙasashenta tun daga Satumban 2021. Ga masu zaurukan biki da dilolin kayan lantarki, ya kamata a kunna ƙwai a ɗauke shi da waya a tsarin tafiyar hawainiya kafin a sari kwali guda, domin ƙwai mai ƙiftawa nan take zai bayyana.