Wahayi da Gushewar Hankali: Muhawarar Kiristocin Farko da Masanan Girka

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba tambayar da ta raba Kiristocin farko da masanan da ke bin addinin gargajiya na Girka da Rum: ta yaya ake gane cewa magana daga Allah ta fito? Amsar tana da nauyi, domin da annabcin littattafan Yahudawa Kiristoci suke kafa hujja a kan Isa Almasihu.

2. Sukar Selsus

Wajen shekara ta 178, Selsus, mabiyin falsafar Aflatun, ya rubuta "Magana ta Gaskiya". Ya zargi Kiristoci da son zuciya: suna ƙaryata masu duba na Delfi da Dodona da Kilaros, amma suna gaskata annabawan Yahudiya. Ya ce shi da kansa ya ga masu da'awar annabci a Finikiya da Falasɗinu suna sakin zance marar kan gado, wanda kowane mayaudari ke iya fassarawa yadda ya ga dama.

3. Martanin Orijen

Sai wajen shekara ta 248 Orijen, mutumin Iskandariya, ya mayar da martani cikin littattafai 8. Bai musanta cewa wani ruhi na magana a Delfi ba. Cewa ya yi aljani ne. Hujjarsa: matar da ke duba a can hankalinta gushewa yake yi, alhali Ruhun Allah ƙara wa annabi basira yake yi, kuma halinsa na gari shaida ne.

Ya kamata mu lura da cewa wannan matsayi ba shi ne na dukan magabata ba. Wajen shekara ta 177, Atenagoras ya kwatanta annabi da sarewa a bakin mai busa, kamar yadda Aflatun ya ɗauki haukar da alloli ke sa wa mutum a matsayin baiwa. A ganinmu, rikicin mabiya Montanus na Firijiya, masu annabci cikin fitar hayyaci, yana daga abin da ya sa shugabannin coci suka guji wannan fahimta.

4. Hanyar Forfiri

A ƙarshen ƙarni na 3, Forfiri ya sauya fagen daga halin annabi zuwa tarihin nassi. Ya ce an rubuta littafin Daniyel a zamanin Antiyokus na 4 (175-164 kafin Miladiyya), watau labarin abin da ya riga ya faru ne aka sa wa rigar annabci. An yi umurnin ƙone littafinsa a shekara ta 448. Ta sharhin Jerom muka san hujjar tasa. Yawancin masu binciken tarihi a yau suna kusa da ra'ayinsa game da lokacin rubutun.

5. Kammalawa

Mun ga ma'auni uku: hankalin mai magana, halinsa, da cikar abin da ya faɗa. Ma'auni na uku ya dogara ga sanin lokacin da aka rubuta nassi, kuma nan ne Forfiri ya kai sara.