Karatu a Jami'o'in Jamus

Sau da yawa mukan ji ana cewa karatu kyauta ne a Jamus. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, ko da yake tun 2017 jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma abinci da wurin kwana suna wuyan ɗalibi. Shi ya sa kafin a ba shi biza sai ya nuna kuɗin zaman shekara guda, wanda a 2024 aka tsayar a kan Yuro 11,904. Kuma da Jamusanci ake koyar da yawancin darussan digiri na farko. Saboda haka, 'yan'uwa, mu soma koyon harshen, mu kuma yi shawara da iyayenmu tun da sauran lokaci.