Bindigar Iska: Lissafin Ɗan Albashi Kafin Ya Kwance Lalita

Da zarar dawa ta fara fitar da kai a gonakin Kuje, Kwali da Abaji, sai hirar wasu ma'aikatan tarayya ta koma kan tsuntsaye. Da yawansu sun rungumi noman ƙarshen mako ne don cike giɓin da albashi ya bari, ga shi kuma ba a gona suke kwana ba. Kurciya da jan-baki na cin na sama, gafiya da kurege na tonon na ƙasa, ɓera kuwa yana jiran abin da ya isa rumbu. A nan ne wani zai kawo shawarar bindigar iska, wadda ke cilla ƙwayar dalma da ƙarfin matsattsiyar iska ba tare da albarushi ba. Ƙararta kaɗan ce, harsashinta da araha, kuma a idon mutane da dama ba ta wuce danƙon manya ba.

Doka ba haka take kallonta ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu irin na yaƙi, bindigogin amfanin kai, da na gargajiya irin su bindigar toka. Bindigar iska tana gida na biyu, layi ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu, kuma ba a riƙe ta sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Wanda bai kai shekara 17 ba ba ya samu. Wanda aka kama da ita babu takarda yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara biyar, ga ma'aikacin gwamnati kuma akwai ƙari, domin Dokokin Aikin Gwamnati sun sanya hukuncin kotu a kan aikata laifi cikin manyan laifuffukan da ke jawo kora. A watan Agustan 2023 Kayode Egbetokun, yana riƙon kujerar Sufeto Janar, ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin bindiga. Don haka zangon farko na mai niyya shi ne hedikwatar 'yan sanda da ke Louis Edet House, ya ji ko ƙofa a buɗe take, kafin ya leƙa kowane shago.

Hadiman da ke raka manya ƙasashen waje su suka fi kusa da wannan rami. A Ingila baligi na iya sayen mai matsakaicin ƙarfi babu lasisi, sai mutum ya ɗauka tsaraba ce. A filin jirgin Nnamdi Azikiwe makami ce, shigo da ita kuma yana buƙatar izini, har da takardar ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ƙaramar ta hannu ma tana cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su ɗungurungum.

Sai batun kuɗi. Sanannun sunaye duk na waje ne: Gamo daga Sifen, Hatsan daga Turkiyya, Diana da Weihrauch daga Jamus, Crosman daga Amurka. Bindigar dala 150, lokacin da dala ke wajen naira 460 kafin Yunin 2023, ba ta kai naira 70,000 ba. A kan naira 1,500 ta zama 225,000, wato sama da wata uku na mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, tun ba a sa kuɗin dako da ribar dillali ba.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, wadda ake karya bakinta a ɗana ta da hannu ita ce zaɓin hankali. Sifirin ne a cikinta, ba ta buƙatar komai sai harsashi da ɗan mai, kuma takan yi shekaru idan ba a harba ta wayam ba, domin harbi babu harsashi yana lalata sifirin da robar ciki. Mai aiki da 'yar kwalbar gas tana da daɗin harbi, sai dai kowace kwalba kuɗi ce, ƙarfinta kuma yana hawa da sauka da zafin gari. Wadda ake cika wa iska ta fi su saiti nesa ba kusa ba, amma tana son matsin da ya ninka na tayar mota kusan sau ɗari. Injin mai faci ba zai iya ba, famfonta na musamman kuma wani cinikin ne daban.

Lambar gudun harsashi da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ita ce ta fi cin kuɗin sabon shiga. Sau da yawa da harsashi mara nauyi ake auna ta, kuma ƙwayar da ta zarce gudun sauti takan yi yawo a iska ta kauce wa abin hari. Abin dubawa shi ne kunama mai laushi, da gwajin harbi biyar a takarda daga taku ashirin, a ga ko ramukan sun taru wuri ɗaya. Madubin hange mai araha da ake haɗawa kyauta kuwa, girgizar sifirin ta gaba da baya kan kwance masa saiti cikin ɗan lokaci. Gara mutum ya saba da saitin ƙarfe tukuna. Girman baki biyu ne suka fi yawa: milimita 4.5, wanda ake gasar Olamfik ta mita 10 da shi, da 5.5, wanda ya fi kayar da gafiya. Kowanne aka zaɓa, a tabbatar dillali mai rajista yana kawo harsashinsa a kai a kai.

Akwai kuma abin da ba za ta yi ba. Bayan sace-sacen mutanen da suka girgiza yankin Bwari a farkon 2024, wasu sun fara ganinta a matsayin kariyar gida. Ƙwayar da ke iya tsiyaye idon yaro, har ta kashe shi idan ta sami mummunan wuri, ba za ta tsayar da mai AK-47 ba. Abin da za ta yi shi ne sa shi ya buɗe wuta. Jan-baki ma dubu-dubu yake sauka, shi ya sa gwamnati ke yi masa feshi da jirgin sama a jihohi irin su Kebbi, Yobe da Jigawa. Mai kadada ɗaya a Kwali, kuɗin bindigar nan zai biya masa mai korar tsuntsu daga fitar kai har girbi, ya kuma rage na buhunan ajiya da tarkon ɓera.